Dabino Cikin Dusar Ƙanƙara: Ina Gaskiya, Ina Talla?

A ɗarin da ya wuce, wani guntun bidiyo ya shigo wayata sau uku cikin mako guda, daga mutum uku da ba su san juna ba: ɗaya a Gummi, ɗaya a Anka, na ukun kuma ɗan uwana ne a Adabka. Wani dogon itace ne a bakin titi a Turai, ganyensa a buɗe kamar mafici, dusar ƙanƙara ta lafta masa fari fat har ganyen ya sunkuya. Muryar da aka ɗora a kai tana cewa sabon irin dabino ne Turawa suka ƙirƙiro, sanyi ba ya kashe shi, shekara biyu yake 'ya'ya, kuma duk inda aka kafa shi sai ya yi.

Ba a rufa wata ba na ci karo da mai tallar dashe a bakin kasuwa. Ya jera baƙaƙen ledoji a inuwar mota, kowace da tsiro mai siririn ganye biyu ko uku, tsaye ƙyam kamar sabon tsiron gero.

"Alhaji, wanga ba irin na gida ba na," in ji shi. "Ɗan Turai na. Ko ɗari ya kai ina, ba ruwanai."

Na ce, "To malam, ɗarin ƙasag ga ya taɓa kashe dabino?"

Sai ya yi dariya, ya juya wajen wani mai ciniki.

Hoton da ke cikin bidiyon dai ba haɗi ba ne, kada a ɗora wa kwamfuta laifin da ba ta yi ba. Akwai itacen, kuma da gaske yana kwana cikin dusar ƙanƙara ya wayi gari lafiya. Sai dai duk wanda ya tashi a ƙasar nan yana iya gane cewa ba dabino ba ne, in ya ƙara kallon ganyen. Ganyen dabino dogo ne, da sanda a tsakiya da ƙananan ganye jere hagu da dama kamar gashin fiffike, ga ƙaya a gindi. Na cikin bidiyon kuwa zagaye yake kamar tafin hannu a buɗe, irin na giginya da goruba. Dangi ɗaya ne, amma dangin nan babba ne ƙwarai, jinsinsa ya kai wajen 2,600 a duniya. Dabino da giginya da goruba da tukurwa da kwakwa duk 'yan gida ɗaya ne, kowa da halinsa. Harshen Turanci yana tara su duka ƙarƙashin suna guda, mai fassarar gaggawa kuma ya mayar da sunan "dabino", daga nan aka sami ƙofar ruɗu.

Masana tsirrai suna kiran wancan itace Trachycarpus fortunei. Asalinsa ƙasar Sin ne, kuma ba wanda ya ƙirƙire shi. An raɗa masa sunan Robert Fortune, wani ɗan Sikotilan mai yawon tattara tsirrai, wanda ya aika da shi lambun Kew na Landan a 1849. Kututturensa a naɗe yake da wani kaurin zare mai ruwan ƙasa kamar an yafa masa bargo, kuma babba daga cikinsu yana jure sanyin da ya kai digiri 15 ƙasa da sifili. A sifili ruwa yake daskarewa, sai a ƙiyasta. Shi ya sa ake ganinsa a Ingila da Sikotilan da gaɓar yammacin Kanada. A kudancin Suwizalan, lardin Tichino, har ya zame musu alaƙaƙai: tsuntsaye sun yaɗa irinsa cikin daji yana danne itatuwan gida, gwamnati ta hana sayar da shi daga 1 ga Satumba 2024. Akwai ma wanda ya fi shi taurin rai, wani gajere mai ƙayoyi kamar allura daga kudu maso gabashin Amurka, da ke kaiwa wajen digiri 20 ƙasa da sifili.

Ko su ɗin ma ba a banza suke rayuwa ba. Yawancin 'yan wannan dangi wuri ɗaya tak suke tsiro, can cikin ƙoƙuwa inda sabon ganye ke ɓullowa. In sanyi ya daskarar da wurin nan ya ruɓe, itacen ya tafi ke nan, ba reshen da zai farfaɗo da shi. Saboda haka masu lambu a can sukan ɗaure ganyen ƙanana, su naɗe su da buhu, su tara busasshen ganye a gindi har sanyi ya wuce. Wahalar nan duk don ado ake shan ta. 'Ya'yan itacen 'yan mitsi-mitsi ne, baƙi-baƙi masu shuɗi, kusan ƙwallo zalla, abincin tsuntsu. Ba mai buɗe-baki da su. Wani abin da bidiyon bai faɗa ba shi ne, itacen ya fi son bazara mai sanyi-sanyi da laima. Da za a kawo shi Bukkuyum, a bar shi da ranar Afrilu da ke haura digiri 40, zafin ne zai fara galabaitar da shi tun kafin a kai ga ɗarin da ake kurarin yana jurewa.

Shin ɗari yana kashe dabino?

Ɗarinmu yana da cizo, ban musa ba. Wanda ya yi alwalar asuba da ruwan randa a watan Janairu ya sani. Amma in aka sa ma'auni, daren hunturu a yammacin Zamfara yakan tsaya ne wajen digiri 12 zuwa 16, wani lokaci ya ɗan gota ƙasa. Dabino ba ya daina girma sai sanyi ya sauko wajen digiri 7, kuma babban itace yana tsallake daren da ya kai digiri 5 ƙasa da sifili, iyaka ganyen waje ya ƙone. Ke nan tsakanin sanyinmu da abin da zai taɓa lafiyarsa akwai tafiya mai nisa.

Ba sai an je Turai neman shaida ba. A Bilma, can cikin Kawar ta Jamhuriyar Nijar, an taɓa auna sanyin da ya sauka ƙasa da sifili, a garin nan kuma zafi ya haura digiri 48 a watan Yunin 2010. Duwatsun Azbin ma suna da dare mai daskarar da ruwa. Amma daga nan ne ayarin raƙuma suka daɗe suna sauko da gishiri da dabino, na Bilma da Fachi, ga na Timiya, ga na Ingal da ake kira Almadina. Dabinon da ya saba da wancan sanyi, namu ai shan iska ne a wurinsa. Hasali ma yana buƙatar ɗan lokacin sanyi a shekara, bayansa ne yake fitar da fure sosai.

Inda maganar ke da ƙamshin gaskiya shi ne kan ƙaramin dashe. Mutum ya dasa a Nuwamba, ya dawo a Fabrairu ya tarar bakin ganye ya bushe ya yi ja, sai ya ce ɗari ya cinye. Iskar hunturu ce, busasshiya, take zuƙe ruwan ganye fiye da yadda 'yar saiwar ke iya mayarwa. Ƙishirwa ta kashe shi. Maganinta kewayen zana ta ɓangaren gabas da arewa, da ban ruwa ba fashi, da ciyawa a gindi don ƙasa ta riƙe laima, amma a sa ido, ciyawar nan ita ke gayyato gara. Sauran aikin kuma akuya ce ke ƙarasawa, ita ma a ɗora wa ɗari.

Ƙwallon Madina

Wannan ita ce jita-jitar da ta fi ci wa mutane shekaru, don ba mai talla ke yaɗa ta ba, mu ne da kanmu, da kyakkyawar niyya. Alhaji ya dawo daga Madina da dabinon Ajwa, a ci, a ce kada a zubar da ƙwallon, a shuka a samu Ajwa a gida.

Wani kawuna ya yi haka. Ƙwallo bakwai ya binne a bayan gida kusa da rijiya, uku suka fito, ɗaya ya rayu. Ya yi masa shinge da ƙaya, yana ba shi ruwan alwalarsa safe da yamma. Shekara takwas ana haka. Itace ya yi kyau, ya yi kauri, ganye kore shar. Sai wata shekara bayan ɗari ya fitar da wani abu kamar kuben wuƙa, mai faɗi, ruwan ƙasa. Kuben ya tsage, ga fure fari-fari cunkus kamar tsintsiya, in ka taɓa shi gari ya bule maka a hannu. Aka yi ta murna. Fure ya bushe ya zube, ko ɗa ɗaya. Shekara ta zagayo, haka.

Ya kira ni, ya nuna shi da sanda. "Kai da ka yi boko, wanga icce mi yah hana shi ɗiya? Ko sammu anka yi mai?"

Na ce, "Kawu, ba sammu. Namiji na."

Ya dube ni kamar na zage shi.

Dabino jinsi biyu ne, akwai itace namiji, akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya. In ka shuka ƙwallo goma, ka sa ran kusan rabi maza ne, kuma ba za ka tantance ba sai ranar da suka yi fure, bayan shekara biyar zuwa takwas ko fiye. Mai ledoji a bakin kasuwa da ya rantse maka cewa duka nasa mata ne, shi ma bai sani ba. Matan da suka fito ɗin ma ba za su ba ka Ajwa ba. Ƙwallo yana ɗauke da gadon uwa da na uba, uban kuwa ba wanda ya san shi. Kowane tsiron ƙwallo sabon iri ne da ba a taɓa yi ba: wani ya yi daɗi, da yawa kuma su fito ƙanana, masu bauri, fata da ƙashi. A 2005 masana sun yi nasarar tsirar da wani ƙwallon dabino mai kimanin shekara 2,000 da aka tono a wani tsohon kango da ake kira Masada, duniya ta yi ta mamaki. Da ya girma ya yi fure, sai ga shi namiji. Na ba kawu wannan labari, ya ce to ashe ba shi kaɗai ba.

Masu noman dabino na gaske ba sa bi ta ƙwallo. Itacen yana fitar da 'ya'ya a gindinsa, tsiro manne da uwa. Ana barin tsiron ya yi shekara uku zuwa biyar a jikinta har ya yi saiwarsa ya yi nauyi, kilo 10 ko fiye, sannan a sa ƙarfe mai kaifi a raba su, a rage masa ganye, a ɗaure sauran, a dasa. Wannan shi ne uwarsa sak: in mace ce shi ma mace, in Ajwa ce shi ma Ajwa. Cikin shekara huɗu zuwa shida sai ya fara. Majhul ɗin nan manya da ake sayarwa da tsada a azumi hujja ne. Asalinsa Maroko. A 1927, lokacin da wata cuta ke cinye gonakin dabino a can, wani masanin Amurka, Walter Swingle, ya ɗebi irin wannan tsiro guda 11 daga Budenib ya kai Nebada aka killace. Tara suka rayu, kuma daga su gonakin Majhul na Kalifoniya suka samo tushe. Da ƙwallo na yi, da aljihunsa kawai zai cika ya huta da dako. Yanzu akwai kuma dashen da ake haɓakawa a ɗakin gwaje-gwaje daga tsokar zuciyar itace, shi ma yana bin uwa, amma sai daga hannun da ke da takarda da adireshi.

Batun 'ya'ya cikin shekara biyu da aka yi a bidiyon kuwa, ko kallo bai kai ba. Haka ma kishiyarsa, wai wanda ya shuka dabino ba ya cin 'ya'yansa. Mai shekara hamsin ya dasa tsiron gindi yau, in Allah ya ja kwana zai ci, jikokinsa ma su ci, don itacen yana daɗewa yana bayarwa, kuma mace mai samun kulawa tana iya ba da kilo 50 zuwa 100 a shekara.

Sai aikin da yawancin masu dabino ɗaya-biyu a gida ba su sani ba, wato barbara. In an bar wa iska, sai an yi sa'a. Furen mace ba shi da gari, wasu 'yan ƙulli-ƙulli ne rawaya-rawaya jere a kan zare kamar carbi. Cikin kwana biyu ko uku da tsagewar kubenta ake hawa, a ɗauki silin furen namiji biyu ko uku, a karkaɗa, a cusa su tsakiyar nata a kife, a ɗaure da ganye sako-sako. Namiji ɗaya ya ishi mata kusan hamsin. In ba a yi ba, sai ka ga nonon dabino ya fito da 'ya'ya uku-uku a manne, ƙanana, ba ƙwallo a ciki, ba sa nuna yadda ya kamata. Mai shi ya ce ƙasarmu ba ta karɓi dabino ba.

Ta karɓa. Cibiyar binciken kwakwar manja ta Nijeriya, NIFOR, da ke kusa da Binin, tana da reshe na musamman kan dabino a Dutse ta Jigawa, kuma wanda ya je Dutse ya ga dabinai tsaye a gari da kewaye. In ka duba taswira, Dutse ta ɗan fi Gummi da Anka kudu ma. Abin da ke damun dabino a ƙasarmu damina ce. Yana son saiwarsa cikin danshi, kansa kuma cikin rana tsantsa, musamman lokacin nuna. Daga barbara zuwa nuna wata shida ne zuwa bakwai. Furen Janairu ke nan zai nuna wajen Yuli, lokacin da sama ta buɗe. Ruwa ya daki 'ya'yan da suka fara zaƙi, fata ta tsage, su yi tsami, ƙuda da ƙwari su taru. Masar da Saudiyya da Aljeriya, manyan masu noman dabino na duniya, ba su san wannan ba, don nasu yana nuna ne ba ɗigon ruwa. Sa'ar da muka yi ita ce a wannan yanki dabino kan yi fure sau biyu a shekara, kuma zubin da ya nuna cikin rani shi ne mai kyau, mai ajiyuwa. Don haka wanda zai tambayi mai dashe, ya bar zancen sanyi, ya tambaye shi: ina uwar, a wane gari take, wane wata take nuna? Tsiron gindi daga uwar da aka ga 'ya'yanta a Jigawa ya fi mini wanda aka ce daga Madina yake ba shaida.

Wurin dasawa kuma shi ne inda rijiya ba ta da zurfi amma ruwa ba ya kwanciya. Gefen fadamun Gulbin Zamfara wajen Gummi, ko na Gulbin Ka ta kudu, a kan ɗan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa, tazarar mita takwas zuwa goma tsakanin itace da itace. A halin da ake ciki na rashin tsaro ma, itacen da ke son a leƙa shi kullum gara ya zauna kusa da gari.

Kwakwar manja

Ita ma ta shigo cikin tallar, da cewa akwai sabon iri mai jure yanayin Arewa. A nan ne ɗarinmu yake da ta cewa, don ƙaramar kwakwa tana tsayawa da girma in sanyi ya sauko wajen digiri 15. Amma ko ba ɗari, lissafin ruwa ya isa. Tana son kusan milimita 2,000 a shekara, a rarrabe cikin watanni, da iska mai laima. Mu a yawancin shekaru ba ma cika 1,000, shi ma cikin wata huɗu zuwa biyar, sai rani mai tsawo. Za ta iya rayuwa a bakin rafi ko a gidan mai famfo, ta yi kyan gani, har ta ɗan yi 'ya'ya. Gonar da za ta mayar da kuɗi kuwa sai an yi mata ban ruwa na gaske rani duka, a fara lissafin man inji tukuna. A kurmin kudancin Kaduna take samun yadda take so. Irin da ake yabo, Tenera, haɗi ne na iri biyu, in ka tsinci ƙwallonsa a ƙasa ka shuka ba duka za su fito Tenera ba. Cutar ƙwallon Ajwa ce ta sake riga.

Tun da an zo nan, akwai maganar da ake yawan yi har a bakin manya, wai daga Nijeriya Maleshiya ta zo ta karɓi iri bayan mun sami 'yanci. Asalin itacen na Afirka ta Yamma ne, wannan haka yake, kuma cibiyoyin bincike sun yi musayar iri daga baya. Amma tun 1848 aka dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke Indonesiya ta yau, kuma gonar kasuwanci ta farko a Maleshiya an buɗe ta a 1917. Sun riga mu mayar da ita sana'ar gona, sama kuma tana ba su ruwa kusan duk shekara.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, masu ganyen mafici da muke ta turawa juna a waya muna da su a bayan gari, ba mai ɗaukar hotonsu. Giginya ba ta taɓa neman bargo ba, goruba ba ta san ban ruwa ba. Ɗaya ta ba mu azara da gara ke shakka da muruci, ɗaya ta ba mu kaba da tabarma da igiya da abin gwaguya. A Nijar har kwari guda ake kira Gulbin Kaba a ƙasar Maradi, ga dajin giginya na Dallol Mauri wajen Gaya da hukuma ke tsaro. Mu kuwa sara muke, ba ma mayarwa, muna tone murucin da zai zama itacen gobe. Giginya tana da jinkiri ƙwarai kafin ta fara 'ya'ya, nan kam zancen shuka don na baya yana da tushe. Ita ma akwai namiji da mace, goruba ma haka.

Kawu ya so ya sare nasa. Har an kawo gatari, maƙwabcinsa ya tuna cewa surukinsa yana da dabinai mata biyu da suka shekara da shekaru suna zubar da 'ya'ya uku-uku. Bana da kube ya tsage, yaro ya hau da lauje ya yanko furen, aka shanya shi a inuwa a kan faifai kwana biyu, aka naɗe a takardar siminti. Kawu da kansa ya ba mai babur, ya ce a riƙe da kyau kada garin ya zube, kuma a gaya wa mutumin nono ɗaya nasa ne in sun nuna.